Manhajar da ke rumbun Debian ta tsufa: an yi watsi da mu ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a nan Damagaram, injuna goma sha huɗu, duk tsofaffi ne da aka ba mu kyauta. Shekara biyu da suka wuce wani ɗan'uwa ya sa mana tsarin Linux na Debian 12 a kansu, kuma alhamdu lillahi tun lokacin ba mu sake fama da birus ba. Abin da ke damuna shi ne LibreOffice ɗinmu, manhajar buga rubutu da lissafin tebur, lambarsa 7.4, amma da na leƙa shafinsu na ga sun kai 25 da wani abu. Na yi mizajur, wato sabunta manhajoji, har sau uku, forfen intanet ya ƙare, lambar ba ta motsa ba. Shin an daina kula da namu ne? Wa ke da alhakin kawo mana sabo? Ko in share in sauko da na shafinsu kai tsaye?"

Wa alaikumus salam Malam, sannu da ƙoƙari. Riƙon injuna goma sha huɗu cikin ƙurar Damagaram da zafin bazara ba ƙaramin aiki ba ne, Allah ya saka. In na fahimce ka, tambaya uku ka ɗaure a igiya ɗaya: ko tsufan lambar nan alama ce ta an yi watsi da ku, wane ne ke tsakaninka da masu rubuta manhajar, sannan me ya kamata ka yi. Kafin komai, kada ka share komai tukuna. Forfen da ka kashe bai tafi a banza ba. Akwai wata ƴar lamba a wutsiyar wadda kake kallo, ita ce ta motsa, kuma zan nuna maka ita.

Bari mu fara da abin da ya tayar maka da hankali. Daga 7 zuwa 25 sai ka ce an yi maka nisan zango goma sha takwas, amma ba haka ba ne. Masu LibreOffice salon ƙirga suka canza. Bayan 7.6 sai suka koma sa shekara da wata, shi ya sa wanda ya fito a Fabrairun 2024 ya zama 24.2, na Agusta 24.8, na Fabrairun 2025 kuma 25.2. Sau biyu a shekara suke fitar da babban zubi. Naka 7.4 na Agustan 2022 ne, tsakaninsa da 25.2 taki biyar ne kacal. Ya kwana biyu, gaskiya, amma bai kai yadda ido ya gaya maka ba.

Hannun da ke tsakani

Masu rubuta LibreOffice daban, masu kawo shi cikin injinka daban. Na farko su ne tushe: suna rubuta manhajar, su buɗe rubutunta ga kowa, su ce ga sabon zubi nan. Iyakar nasu ke nan. Ba su san irin injinka ba, ba su san sauran kayan da ke zaune a cikinsa ba. Wanda ke ɗauko wannan rubutu ya mayar da shi fakitin da umarnin apt zai iya sakawa, shi ake kira mai riƙon fakiti, kuma a Debian galibinsu ƴan sa kai ne. Wani malamin jami'a ne, wani ma'aikacin kamfani, wani ɗalibi. Bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su suke zama su yi wannan. Tun 1993 da Ian Murdock ya kafa Debian a haka ake tafiya. Debian 12 da ke gabanka ya fito da fakitoci sama da 64,000, alhali cikakkun ƴan ƙungiyar ba su wuce dubu da ƴan kai ba. Ka raba ka ga nauyin da ke kan kowane wuya.

Mutane na ɗauka aikin kwafa da liƙawa ne. Na gwada shi da hannuna a kan wata ƴar ƙaramar manhaja da nake buƙata, na san ba haka ba ne. Sai ka bi fayilolin ka tabbatar lasisin kowanne ya halatta a raba shi. Sai ka lissafa duk abin da manhajar ke dogaro da shi, na lokacin gini da na lokacin aiki. Sai ka gina ta a wani keɓaɓɓen wuri mai tsabta, don kada ta ginu a injinka kawai saboda wani abu da ka manta ka taɓa sakawa. In masu tushe sun ajiye fayil inda ƙa'idar Debian ba ta yarda ba, ka yi mata faci. Daga nan injunan ƙungiyar su gina ta wa kowane irin ƙirar kwamfuta da Debian ke tallafawa, in ta faɗi a ɗaya a dawo maka da ita. Bayan duk wannan, kai ne za ka riƙa karɓar ƙorafin masu amfani shekara da shekaru.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne tubalan tarayya. Manhajoji ba sa gina komai daga ƙasa. Akwai tubalan da ɗaruruwansu ke hawa kai, kamar wanda ke ɓoye sirrin sadarwa ko wanda ke buɗe hoto. Debian na ajiye kwafi ɗaya na kowane tubali, kowa ya jingina da shi. Amfanin haka ya fito fili a Afrilun 2014, lokacin da aka gano ɓarakar nan ta OpenSSL da aka yi wa laƙabi da Heartbleed: an gyara fakiti ɗaya, duk masu dogaro da shi suka samu lafiya. Amma gatarin nan baki biyu gare shi. In sabon zubin wata manhaja ya ce shi sai da sabon tubali, mai riƙonta ba zai canza tubalin shi kaɗai ba, domin katangar maƙwabta ma a kansa take.

Yadda ake rufe rumbu

Sabon fakiti a Debian yana fara sauka a sashen da ake kira unstable, inda abubuwa ke canzawa kullum. In ya yi ƴan kwanaki ba a ga babban aibi ba, kuma bai karya wani ba, sai ya gangara testing. Kusan duk shekara biyu ake rufe ƙofar testing a hankali, a daina karɓar sabon zubi, a shafe watanni ana gyaran kurakurai kawai, sannan a fitar da shi da sunan stable. Na Debian 12 an fara rufe ƙofarsa a farkon 2023, aka fitar da shi ranar 10 ga Yuni 2023. Abin da ya riga ya nuna a lokacin shi ne 7.4, da shi aka rufe.

Ka san manomi in ya cika rumbu da geron da ya bushe ya liƙe, ba ya buɗewa ya zuba ɗanyen da aka yanko jiya a kai, komai kyansa. Amma in ya ga gara ta fara hawa ko rufin ya yi yoyo, a ranar yake gyarawa. Alkawarin stable ke nan: halin manhajar ba zai canza maka ba, maɓallin da ka koya wa yara a watan Oktoba yana nan inda yake a watan Yuni, amma ɓarakar tsaro mai haɗari da aka gano za a toshe. Yadda suke yi shi ne su ciro gyaran kaɗai daga sabon zubi su ɗinka shi a jikin tsohon.

Je ka buga apt policy libreoffice a tagar rubuta umarni. Za ka ga 7.4.7, sai alamar ragewa da 1, sai +deb12u da wata lamba a ƙarshe. Kashin farko na masu tushe ne, na biyu na mai riƙon fakiti, na ƙarshen kuma shi ke ƙirga sau nawa aka yi masa faci tun da Debian 12 ya fito. Wannan ce lambar da na ce ta motsa. In ka buga apt changelog libreoffice za ka ga kwanan watan kowane gyara da dalilinsa. Burauza na cikin ƴan manhajojin da ba a yi wa haka, don ta yi girma kuma hare-hare sun yi mata yawa. Firefox ESR da Chromium sabon zubinsu ake kawowa ko a stable.

Akwai abin da ya faru a Maris 2024 da ya ƙara mini ganin girman wannan jinkiri. Wata ƴar manhajar matse fayil ce, xz, wadda kusan kowane injin Linux ke ɗauke da ita, mutum ɗaya ke riƙe da ita shekaru, ga gajiya. Wani da ke amfani da sunan Jia Tan ya yi kusan shekara biyu yana taimaka masa har aka amince da shi, sai ya dasa ƙofar sata a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya lura shiga injinsa ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi sawu har ya tono abin, ya sanar ranar 29 ga Maris. Gurɓataccen zubin ya riga ya shiga unstable da testing na Debian da zubin gwaji na Fedora, wani tsarin Linux daban. Injunanka goma sha huɗu bai taɓa su ba, don suna kan 5.4 da aka rufe rumbu da shi.

Ba na ce tsufa ba shi da farashi ba. Sabon LibreOffice ya fi iya buɗe takardun Word da ake turo muku daga ofisoshi ba tare da tebur ya watse ba. Sabuwar firinta ko sabon katin wifi kan ƙi aiki da tsohon tsari. Ɗaliban labarin ƙasa na jami'ar nan da ke zana taswirar rijiyoyi da QGIS sukan tarar darasin da suke bi ya nuna maɓallin da babu shi a 3.22 na Debian 12. In kuma ka kai ƙara wajen masu tushe, abin da za su fara ce maka shi ne ka gwada sabo tukuna. Duk wannan gaskiya ne, sai a auna.

Tsoho daban, maraya daban

Nan ne zuciyar tambayarka. Fakiti na iya zama tsoho da gangan ana kula da shi, kamar naka. Yana kuma iya zama tsoho don mai riƙonsa ya tafi: ya yi aure, ya canza aiki, ya yi ciwo, ko ya gaji. Su kansu a Debian maraya suke kiran irin wannan, kuma akwai jerin marayu a buɗe da ake neman mai ɗauka. Wannan shi ne abin tsoro, ba ƙaramar lamba ba.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Kada ka auna na stable da na shafin masu tushe. Auna na unstable da shi. Shiga tracker.debian.org ka rubuta sunan fakitin. In na unstable na tafiya kafaɗa da kafaɗa da na tushe, mai riƙo na nan a farke. In shi ma ya yi shekara biyu ko uku a baya, ga ƙorafi jibge ba amsa, to akwai magana. Yawancin fakitoci na da wani ɗan fayil mai suna watch da ke leƙa shafin masu tushe da kansa, in sabo ya fito shafin bibiyar ya rubuta. Saboda haka sau da yawa mai riƙo ya riga ka sani. Abin da ke tsayar da shi kan zama sabon zubin na neman wani tubalin da ba a taɓa sakawa a Debian ba, wanda sai ya bi layin masu duba lasisi, ko ya zo da fayil mai lasisin da ba a yarda da shi ba, ko shigarsa za ta karya wasu fakitoci goma.

A injinka kuma, saka devscripts ka buga wnpp-alert, zai jero maka marayu da waɗanda masu riƙonsu ke neman taimako daga cikin abin da kake amfani da shi. Akwai kuma debian-security-support, mai gaya maka fakitin da aka daina toshe wa ɓaraka. Masu Ubuntu su ma su kula: abin da ke sashen main kamfanin Canonical ke riƙe da shi shekara biyar a zubin LTS mai tallafin dogon zango, amma sashen universe, inda mafi yawan fakitoci suke, galibi daga Debian aka kwaso shi kuma jama'a ke kula da shi gwargwadon hali.

Abin da zan yi da ni ne kai

Na farko, tambayi kanka me sabon zai ba ka wanda na yanzu ya hana ka. In yara na koyon buga rubutu da lissafin tebur ne, 7.4 ya ishe su har su gama.

In akwai buƙata ta gaske, ƙofar farko ita ce backports. Rumbu ne na Debian kansa, inda ake ɗauko sabon zubi daga testing a sake gina shi a kan tubalan stable. Layi ɗaya za ka ƙara, kuma ba ya taɓa komai sai abin da ka kira da suna, misali apt install -t bookworm-backports libreoffice (bookworm shi ne laƙabin Debian 12). Sai dai ka sani kulawarsa ba ta kai ta babban rumbu ba, ta rataya ne a wuyan wanda ya kawo fakitin.

Amma maganin da ya fi dacewa da kai shi ne ƙaura gaba ɗaya. Debian 13 ya fito ranar 9 ga Agusta 2025, da LibreOffice 25.2 da manhajar gyaran hoto GIMP 3.0 a ciki. Ka bari sai babban hutu, ka fara da inji ɗaya, ka yi sati kana gwada firinta da komai, sannan sauran. Ga inda zan ja kunnenka tunda ka ce injunan tsofaffi ne: Debian 13 ya daina fitar da tsarin sakawa na injuna masu 32 bit. Buga lscpu a kowanne, zai nuna maka ko yana iya 64 bit. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana suna iya 64 bit, wanda ya saka ne ya zaɓi 32. Irin waɗannan sai a sake saka su daga farko. Waɗanda ba sa iyawa ka bar su a Debian 12, tallafinsa na dogon zango zai kai tsakiyar 2028.

Saukowa daga shafin masu tushe da ka ambata halal ne, LibreOffice da QGIS duk suna bayarwa. Bambancin shi ne QGIS na da rumbun da apt zai riƙa bi, amma fayilolin LibreOffice da ka sauko da hannu babu mai sabunta maka su. Daga ranar kai ne mai riƙon fakiti, sau goma sha huɗu. Flatpak na warware wannan, yana kawo sabo da tubalansa a keɓe ba ya taɓa tsarin, amma saukowar farko ɗaruruwan mega ce, kuma kai ka san kuɗin jiga a nan. Rumbunan ɗaiɗaikun mutane, irin PPA na Ubuntu ko AUR na Arch, ka ɗauke su kamar maganin da aka miƙo maka a tasha: wani na da kyau ƙwarai, amma babu wanda ya duba maka. A Yulin 2025 sai da aka cire wasu fakitoci daga AUR masu sunan gyaran burauza, ashe manhajar mamaye inji ce a ciki.

Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka yi shi ne cusa layin testing cikin injin stable. Na taɓa yi. Ana saura kwana huɗu jarrabawar gwaji ta BEPC a wata makaranta da nake taimaka wa, aka kawo sabuwar firinta ta ƙi aiki, ni kuma na ga direbanta na testing. Na ƙara layin a injin sakatariya, inda duk tambayoyin jarrabawar suke. Apt ya jero ɗaruruwan fakitocin da zai canza, na ce masa to. Yana tsakiyar aiki, wajen ƙarfe uku na rana, wuta ta ɗauke. Ondular, batirin da ke riƙe inji in wuta ta ɗauke, ta yi kukanta na ƴan daƙiƙu ta mutu, batirinta ya daɗe da gajiya. Da wuta ta dawo bayan magariba, baƙin allo kawai da ɗan layi yana ƙiftawa. Sakatariyar na zaune gefe da mayafinta a hannu ba ta ce komai ba, shirun nan har yau ina jin sa. Da kilen USB na tayar da injin na kwashe takardun, na kwana ina sake saka komai. An yi jarrabawa a kan lokaci, amma tun ranar ba na fara babban mizajur sai na kwafe fayiloli, na kuma tabbatar da batirin da zai kai ni ƙarshe.

Maganar forfe kuma, babu dalilin da zai sa ka sauko da abu ɗaya sau goma sha huɗu. Saka apt-cacher-ng a inji ɗaya da ya fi lafiya, ka nuna wa sauran shi. Na farko da ya nemi fakiti ne kawai zai ci data, sauran daga cikin ɗaki za su ɗauka. In babu wayar da ta haɗa injunan, apt-offline na ba ka damar rubuta buƙatun inji a kile, ka je inda intanet ke da ƙarfi ka sauko, ka dawo ka zuba.

In ka tarar da maraya

Ka tambaya wa ke da alhaki. Babu wanda ka biya, don haka babu wanda za ka kama. Amma ƙofa a buɗe take ka sa hannu. Mafi sauƙi shi ne umarnin reportbug. Duba tukuna ko wani ya riga ka. In babu, rubuta layi uku da Turanci, ko da mai rauni ne: ga sabon zubi ya fito, ga abin da ya gyara da nake buƙata, a shirye nake in gwada. Ka rubuta kamar mai roƙon maƙwabci aron tsani, domin wanda zai karanta kyauta yake yi. Cikin abin da ya raunana mai riƙon xz har da matsin masu rubuto masa suna faɗa don ya yi jinkiri.

Gaba da haka, kana iya ɗaukar maraya. Ba sai ka zama ɗan ƙungiya ba: ka shirya fakitin, ka ajiye a mentors.debian.net, wani cikakken ɗan ƙungiya ya duba ya tsaya maka ya shigar. Jagorar sababbin masu riƙo na nan da Faransanci, sunan fakitinta maint-guide-fr. Ina so ƙwarai in ga yaranmu a wannan layi, don akwai abubuwan da suka shafe mu da sai mu za mu lura in sun lalace. Allon rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ yana cikin injinka yanzu haka, haka ma za ka sami haruffan ajami na Alkalami da Harmattan a rumbu, saboda wani ya zauna ya naɗe su. Ɗalibin da ya fara da fakitin haruffa ko na ƙamus ya fara da abin da ba zai fi ƙarfinsa ba.

Ni kaina ba cikakken ɗan ƙungiyar Debian ba ne. Abin da na yi shi ne kai rahoton kurakurai, gwada gyara, da naɗa ƴan fakitoci don injunan da nake kula da su. Shawarata ta ɗakin karatu ce da ƙaramin ofis, kuma ban ga injunanka da idona ba. Ka turo mini abin da lscpu ya nuna a kan mafi tsufa cikinsu, da yawan ƙwaƙwalwarsa, da jerin da wnpp-alert ya fitar, sai mu ware waɗanda za su ƙaura zuwa 13 a hutun nan da waɗanda za su zauna.